Baba Yara (1936–1969): Sarkin 'Yan Wasan Gefe na Afirka ta Yamma

1.0 Gabatarwa

A birnin Kumasi na ƙasar Gana akwai wani katafaren filin wasa mai ɗaukar 'yan kallo kimanin 40,000. A cikinsa ne Gana da Nijeriya suka tashi babu ci ranar 25 ga Maris, 2022, a wasan neman gurbin shiga gasar cin kofin duniya. Duk Bahaushen da ya saurari wannan wasa a rediyo, ko a Sakkwato yake ko a Maraɗi, sunan filin bai zama baƙo a kunnensa ba, domin kuwa kalmomi biyu ne na Hausa tsantsa: Baba Yara. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu sauraren suka san mai sunan, ko dalilin da ya sa Asante, mutanen da aka sani da alfahari da harshensu da sarautarsu, suka yarda babban filinsu ya amsa sunan wani Musulmi mai laƙabin Hausa.

Wannan babi zai kawo tarihin mutumin. Shekara 8 kacal ya yi yana buga ƙwallo a idon duniya, daga 1955 zuwa 1963, kuma waɗannan su ne shekarun da aka haifi ƙasar Gana, aka rene ta. Saboda haka ba a iya raba tarihinsa da na ƙasarsa: tare suka tashi, ta ɗaukaka shi, ya ɗaukaka ta, kuma a kan hanyar hidimarta ne ya gamu da abin da ya kwantar da shi har ƙarshen ransa.

2.0 Kumasi da Zangon Hausawa

Dangantakar ƙasar Hausa da ƙasar Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, ta samo asali ne daga cinikin goro. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake ke tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato, su biyo ta Jega da Yawuri, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu har su sauka Salaga ta ƙasar Gwanja. Sukan kai tufafi da kanwa da kayan fata da dabbobi, su komo da goro. Duk inda ayari ya saba yada zango, sannu a hankali wurin kan zama unguwa, da masallacinta da makarantar allonta da sarkinta. Daga nan ne kalmar zango ta shiga harsunan Gana da ma'anar unguwar baƙi Musulmi.

Yaƙin basasar da ya ɓarke a Salaga a 1892 ya tarwatsa kasuwar, fatake da malamai suka bazu zuwa wasu garuruwa. A cikinsu har da shahararren malamin nan kuma marubucin waƙoƙin Hausa da Larabci, Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. Bayan Ingilishi sun mamaye Kumasi a 1896, kuma jirgin ƙasa ya iso garin a 1903, sai zangon Kumasi ya bunƙasa ƙwarai. Hausawa da Mosawa da Dagombawa da Zabarmawa da Yarbawa da Wangarawa suka haɗu a cikinsa, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su a kasuwa da masallaci. Duk da haka, matsayin ɗan zango bai wuce na baƙo ba a idon masu gari, ko da kuwa a nan aka binne cibiyarsa.

3.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Baba Yara a Kumasi ranar 12 ga Oktoba, 1936, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mulkin Ingila da sunan Gwalkwas. Sunansa na yanka Usman Sa'idu, wanda a rubutun Gana akan rubuta Osman Seidu. Laƙabin da ya rinjayi sunan ya bi tsarin sunayen Hausa, domin Hausawa kan kira yaro Baba saboda alkunya, idan ya ci sunan kakansa. Har yau mutanen zangunan Gana suna lissafa shi a sahun farko na 'ya'yansu da suka yi fice.

Wani abin sha'awa shi ne, ba da ƙwallo ya fara shiga fagen wasanni ba. Yana matashi ya yi sukuwar dawaki a filin sukuwa na Akra, birnin da tsofaffin fatake ke kira Ankara, tsakanin 1950 da 1955. Mahayin dokin sukuwa yana bukatar rashin nauyin jiki da iya daidaita kai a cikin gudu da kuma rashin tsoro. Waɗannan siffofi uku su ne kuma jarin ɗan wasan gefe a fagen tamaula.

A wannan zamani ƙwallon ƙafa ta riga ta kafu a Gwalkwas. An kafa ƙungiyar farko, Excelsior, a garin Cape Coast a 1903. Aka kafa Hearts of Oak a Akra a 1911, sannan Asante Kotoko a Kumasi a 1935, wato shekara guda kafin haihuwar Baba Yara. Kalmar kotoko a harshen Tonawa tana nufin beguwa, wadda ita ce tambarin masarautar Asante, kuma Sarkin Asante shi ne uban ƙungiyar. Ke nan Kotoko ta wuce ƙungiyar wasa kawai, tuta ce ta al'umma guda.

4.0 Shigarsa Kotoko da Wasan 1955

A 1955 Baba Yara ya shiga Asante Kotoko yana da shekara 18 zuwa 19. A tsarin wasa na wancan lokaci mutum biyar ne ke gaba: biyu a gefe, biyu a ciki, ɗaya a tsakiya. Shi yana gefen dama, sanye da riga mai lamba 7. Aikin mai wannan lamba shi ne ya karɓi ƙwallo a bakin layi, ya yanke ɗan bayan da ke tsaronsa, ya sheƙa da ita har kusa da kusurwa, sannan ya aiko ta gaban raga inda masu ci ke jira. Aiki ne na mai yi wa wani shimfiɗa, domin galibi wanda ya jefa ƙwallo a raga shi ake yi wa tafi. Baba Yara ya shahara da sauri da iya yanka da kuma aika ƙwallo daidai inda ake bukatarta, kuma shi kansa yana ci.

Bai cika shekara a Kotoko ba aka kira shi ƙungiyar ƙasa. A lokacin akwai wani kofi da ake kira Jalco, wanda Nijeriya da Gwalkwas ke karawa a kansa, wannan karo a Legas, wancan a Akra, daga 1951 zuwa 1959. Nijeriya ce ta ɗauki na farko a Legas da ci 5 da nema. A 1955 aka haɗu a Akra, Gwalkwas ta lallasa Nijeriya da ci 7 ba ko ɗaya. Har yanzu ba a taɓa yi wa babbar ƙungiyar Nijeriya ci mai yawan wannan ba. Marubuta tarihin wasannin Gana sun rubuta cewa Baba Yara ne ya jefa biyu daga cikin ƙwallayen, kuma daga ƙafarsa huɗu suka fito. Wannan shi ne wasansa na farko a ƙungiyar ƙasa, kuma daga ranar rigar lamba 7 ta zama tasa.

A Kumasi ma tauraruwarsa ta ci gaba da haske. Da shi Kotoko ta ɗauki kofin ƙalubale na farko da aka yi a ƙasar a 1958, bayan ta doke abokiyar hamayyarta Hearts of Oak, sannan ta zama zakarar gasar rukuni ta ƙasa a 1959. An zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Gana har sau biyu, jaridu kuma suka naɗa masa rawanin Sarkin 'Yan Wasan Gefe na Afirka ta Yamma.

5.0 Ƙwallo da Siyasar 'Yancin Kai

Domin a fahimci nauyin wannan ɗaukaka, wajibi ne a dubi halin da Kumasi ke ciki a lokacin. A 1954 aka kafa jam'iyyar NLM a birnin, wadda ke adawa da Kwame Nkrumah, tana neman tsarin tarayya da ƙarin kuɗin koko ga manoman Asante. Wani ɓangare na mutanen zango, ƙarƙashin jam'iyyar Musulmi ta MAP, ya mara mata baya. Gana ta sami 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957, kuma a cikin shekarar gwamnati ta kori Sarkin Zangon Kumasi, Alhaji Amadu Baba, zuwa Nijeriya, bisa hujjar cewa ba ɗan ƙasa ba ne. A daidai lokacin da ake tababar ko shugaban zango ɗan ƙasa ne, dubban mutane na cika filin wasa suna kiran sunan Baba Yara, ba mai tambayar asalinsa.

Nkrumah ya gane cewa ƙwallo na iya haɗa kan mutanen da siyasa da ƙabila suka raba, kuma tana iya nuna wa duniya cewa baƙar fata ba ya ƙasa da kowa. Aka raɗa wa ƙungiyar ƙasa suna Black Stars, daga baƙin tauraron da ke tsakiyar tutar Gana, wanda shi kuma ke tunatarwa da kamfanin jiragen ruwa na Marcus Garvey. A 1957 fitaccen ɗan wasan gefen dama na Ingila, Stanley Matthews, ya ziyarci Gana ya buga wasanni, har aka yi masa naɗin sarautar ƙwallo. Aka ɗauko masu horarwa daga Turai, a cikinsu har da József Ember na ƙasar Hangari, kafin a miƙa ragamar ga ɗan ƙasa, C. K. Gyamfi. A 1960 aka naɗa Ohene Djan daraktan wasanni na ƙasa, aka ba shi iko mai faɗi.

Sahun gaban Black Stars na waɗannan shekaru ya ƙunshi Baba Yara a dama, Mohammed Salisu a hagu, sai Wilberforce Mfum da Edward Acquah da Aggrey-Fynn a tsakani. Wannan ƙungiya ce ta ɗauki kofin zinariya na Nkrumah, wanda ƙasashen Afirka ta Yamma ke takara a kansa. A watan Agusta na 1962 kuma Real Madrid ta Sifen, wadda ta ɗauki kofin Turai sau biyar a jere daga 1956 zuwa 1960, ta zo Akra da su Di Stéfano da Puskás da Gento, aka tashi kunnen doki 3 da 3.

Ya kamata a lura da wani abu a nan. Ko da yake ƙwallo ita ce rayuwar waɗannan samari, a hukumance ba a ɗauke ta sana'a ba a Gana sai a 1993. Takwaransa na Nijeriya, Teslim Balogun, ya tafi Ingila a 1955 har ya buga wa Queens Park Rangers, Eusébio na Mozambik kuma ya tafi Benfica ta Fotugal a 1960. Gwamnatin Nkrumah kuwa ta fi son taurarinta su zauna gida su yi wa ƙasa hidima. Baba Yara bai taɓa buga wa wata ƙungiya ta waje ba.

6.0 Komawarsa Real Republikans

A 1961 Ohene Djan, da amincewar Nkrumah, ya kafa wata sabuwar ƙungiya a Akra mai suna Real Republikans. Manufar ita ce a tara fitattun 'yan wasan ƙasar wuri guda, su riƙa atisaye tare kullum, ta yadda idan wasan ƙasa ya zo sun riga sun san juna. Aka umarci manyan ƙungiyoyi kowace ta ba da 'yan wasa biyu. Daga Kotoko aka ɗauki Baba Yara da ɗan baya Dogo Moro, wanda shi ma laƙabinsa na Hausa ne.

Wannan mataki ya fusata mutanen Kumasi. A ganinsu, gwamnatin da suka yi wa adawa ce ta miƙo hannu ta ɗauke musu abin alfaharinsu, ta kai wa ƙungiyar da kowa ke kira ta shugaban ƙasa. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, amma daga ƙarshe umarnin hukuma ya tabbata. Ta fuskar wasa dai dabarar ta yi aiki: Republikans ta zama zakarar ƙasa a kakar 1962 zuwa 1963, ta kuma ɗauki kofin ƙalubale sau huɗu a jere daga 1962 zuwa 1965. Gana kuma aka ba ta izinin karɓar baƙuncin gasar cin kofin Afirka ta 1963. Baba Yara yana da shekara 26, yana kan ganiyarsa, kowa na sa ran a wannan gasa ce Afirka baki ɗaya za ta gan shi.

7.0 Haɗarin Kpeve

Hausawa na cewa ƙaddara ta riga fata. A watan Maris na 1963 Republikans ta je garin Kpandu na jihar Volta, ta doke ƙungiyar Volta Heroes da ci 5 da nema. A kan hanyar komawa Akra, motar da ke ɗauke da 'yan wasan ta ƙwace a wata kwana kusa da garin Kpeve, yankin da ke da tuddai, ta daki gefen hanya. Da yawa daga cikinsu sun ji rauni, amma suka warke suka koma fage. Baba Yara kuwa a ƙashin baya ya bugu, laka ta taɓu.

Laka ita ce igiyar jijiyoyin da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya, ita ke kai saƙo ga gaɓoɓi ta kuma komo da shi. Idan ta yanke ko ta murƙushe, sassan jikin da ke ƙasa da wurin raunin sukan daina motsi da ji, kuma ba ta tohuwa kamar yadda fata ko ƙashi ke haɗewa. Gwamnati ta ɗauke shi a jirgin sama, tare da rakiyar likita, zuwa asibitin Stoke Mandeville na Ingila. A nan ne Dokta Ludwig Guttmann ya buɗe cibiyar kula da masu raunin laka a 1944, saboda sojojin da suka jikkata a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma wasannin da ya fara shirya wa majinyatansa a 1948 su ne suka zama tushen gasar Olimfik ta naƙasassu. Ke nan an kai shi wurin da ya fi ko'ina sanin ciwon a wancan zamani. Duk da haka ƙafafun ba su tashi ba. A watan Agusta na 1963 aka komo da shi Akra a keken guragu.

Bayan wata uku aka buɗe gasar da aka yi ta shiri dominta. Ranar 1 ga Disamba, 1963, Gana ta doke Sudan da ci 3 da nema a Akra, ta ɗauki kofin Afirka karo na farko. Acquah da Mfum, waɗanda shekara da shekaru yake aika wa ƙwallo, suna cikin fili. Shi yana kwance.

8.0 Shekarun Jinya da Rasuwarsa

Baba Yara ya yi shekara 6 yana jinya. Da maganin asibiti ya gaza, an gwada na masu addu'a da suka yi alkawarin warkarwa, amma ba a dace ba. A waje kuwa duniya ta ci gaba da tafiyarta. Gana ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a wasannin Olimfik na Tokyo a 1964, ta sake ɗaukar kofin Afirka a Tunisiya a 1965, inda wani sabon ɗan wasan gefen dama na Kotoko, Osei Kofi, ya yi fice. Ranar 24 ga Fabrairu, 1966, sojoji da 'yan sanda suka hamɓarar da Nkrumah yana kan tafiya a nahiyar Asiya. Sabuwar gwamnati ta rushe Real Republikans, Ohene Djan ya rasa muƙaminsa. Ƙungiyar da aka raba shi da garinsu dominta, da gwamnatin da ta ɗauki nauyinsa, duk suka kau ya bar su yana kan gado.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 5 ga Mayu, 1969, a asibitin Korle Bu na Akra, yana da shekara 32. Wata shida bayan haka, a Nuwamba na 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubban mutanen zango, Hausawa da Yarbawa da Zabarmawa da sauransu, suka kwashe kayansu zuwa Nijeriya da Nijar, wasunsu ba su taɓa ganin ƙasashen da aka ce nasu ne ba.

9.0 Abin da Ya Bari

Baba Yara bai ɗauki kofin Afirka ba, bai buga gasar kofin duniya ba, kuma ya yi wasansa tun kafin a buɗe gidan talabijin a Gana a 1965. Sunansa ya rayu ne a bakin waɗanda suka gan shi da idonsu, suka ba 'ya'yansu labari. Hanyar da shi da su Dogo Moro da Salisu suka share, Musulmin Gana da dama sun bi ta. Ibrahim Sunday na Kotoko ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1971, Karim Abdul Razak, haifaffen Kumasi, ya sami wannan lambar a 1978, Mohammed Polo kuma ya yi suna a Hearts of Oak.

A 2004, zamanin Shugaba John Kufuor, aka sanya wa filin wasa na Kumasi, wanda aka buɗe a 1959, sunan Baba Yara. A wannan lokaci ne kuma aka sanya wa na Akra sunan Ohene Djan, amma bayan 'yan shekaru aka cire shi, saboda ƙorafin 'yan asalin birnin cewa ba ɗan garinsu ba ne. Na Kumasi kuwa ya zauna daram. Filin nan shi ne gidan Asante Kotoko, ƙungiyar da aka ɗauke shi daga cikinta a 1961.

10.0 Kammalawa

Tarihin Baba Yara ya nuna yadda gwaninta ke buɗe wa mutum ƙofar da asali ya rufe masa, har ɗan zango ya zama na kowa a garin da ake kallon mutanensa a matsayin baƙi. Ya kuma nuna cewa jarin ɗan wasa jikinsa ne, kuma jari ne da kwana ɗaya a kan hanya ke iya cinyewa. Malamin da zai koyar a firamare ko ƙaramar sakandare zai tarar da yara masu irin wannan baiwa, suna buga ƙwallon tsumma a lungunan Gidan Dare ko Mabera, suna mafarkin filin Giginya da abin da ke gaba da shi. Haƙƙinsu a kansa shi ne ya ƙarfafa musu gwiwa a fili, ya kuma riƙe su a aji, domin su sami abin dogaro ranar da ƙafa ta gaza.

Tambayoyi

1. Bayyana asalin kalmar zango da sabuwar ma'anar da ta samu a ƙasar Gana.
2. Mene ne aikin ɗan wasan gefe a tsarin wasa na shekarun 1950?
3. Waɗanne dalilai ne suka sa aka kafa Real Republikans, kuma me ya sa mutanen Kumasi suka ƙi abin?
4. Kawo abubuwa uku da suka faru a Gana tsakanin 1963 da 1969, ka nuna yadda kowanne ya shafi tarihin Baba Yara.
5. Rubuta taƙaitaccen tarihin wani shahararren ɗan dambe ko ɗan kokawa na yankinku wanda ya riga mu gidan gaskiya, bisa tsarin wannan babi.